Tarihin Ƙungiyar Ceton Rayuka a Tekun Ingila

Mutanen da Allah Ya zaunar da su a tsibiri, ruwa ya kewaye su gabas da yamma, kudu da arewa, kamar mutanen Ingila da na Ailan, ba su da hanyar fatauci ko ta yaƙi ko ta ziyara a zamanin da face bahar, saboda haka arzikinsu da makokinsu ta ƙofa ɗaya suke shigo musu. A farkon ƙarni na 19, lokacin da jiragen ruwa na katako ne, iska ke kora su, babu inji balle wayar neman agaji, an ƙiyasta cewa jirage wajen 1,800 ne ke halaka kowace shekara a gaɓar waɗannan tsibirai. Abin da ya fi ban tausayi shi ne da yawa daga cikinsu a bakin gaɓa suke fashewa, kan duwatsu da tarin rairayi, inda mutanen gari ke tsaye suna jin kururuwar waɗanda ke ciki, alhali ba su da abin da za su shiga su kai musu gudummawa. Wasu kuwa, ko don talauci ko don ƙarancin imani, jira suke gari ya waye su kwashi kayan da ruwa ya turo, suna ɗaukarsa ganima.

Ba a rasa masu himma ba tun kafin wannan lokaci. A 1785 wani maƙerin kekunan doki a Landan, Lionel Lukin, ya yi rajistar wata dabara ta gina kwale-kwalen da ba ya nutsewa ko da ya cika da ruwa. A 1789 kuma wani jirgi mai suna Adventure ya fashe a bakin kogin Tyne, mutanen South Shields suna kallo ma'aikatansa na faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya, abin ya dame su har attajiran garin suka sa gasa a kan wanda zai fito da jirgin da zai iya ratsa irin waɗannan raƙuman ruwa. Daga wannan gasa ne Henry Greathead ya gina jirgin ceto na farko da aka sassaƙa musamman domin wannan aiki, aka sa shi a ruwa a 1790. Ɗaya daga cikin jiragen da ya gina bayan haka, Zetland, wanda aka kai garin Redcar a 1802, yana nan har yau a ajiye, bayan ya tsamo mutum sama da 500. Illa dai kowane gari gashin kansa yake ci: inda aka sami mai kyauta sai a sami jirgi, ran da mai kyautar ya mutu kuwa sai jirgin ya ruɓe a rumfa, babu mai gyara, babu mai bin bahasi.

Wanda ya fara tunanin haɗa wannan aiki wuri guda, ya zama na ƙasa baki ɗaya, shi ne Sir William Hillary, kuma tarihinsa ba irin na waliyyai ba ne. An haife shi a 1771, ya auri mace mai dukiya, ya kashe kuɗi masu yawa wajen tara rundunar sa-kai a lardin Essex sa'ad da ake tsoron Napoliyon zai ƙetaro daga Faransa, har Sarki ya ba shi sarauta a 1805 domin wannan hidima. Amma kuɗin sun ƙare, bashi ya yi masa katutu, aurensa ya lalace, a 1808 ya tattara ya koma garin Douglas a Tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ailan, inda a wancan zamani masu bin bashi daga Ingila ba su da ikon kama mutum. Ta haka ƙaddara ta zaunar da shi a bakin wani mashigin teku mai wani mugun dutse a tsakiyarsa, dutsen Conister, wanda ruwa ke rufewa idan ya cika, jirage su hau kansa cikin duhu.

A watan Oktoba na 1822 guguwa ta jefa wani jirgin mayaƙan ruwa mai suna Vigilant kan wannan dutse, Hillary ya tara 'yan sa-kai suka shiga ƙananan kwale-kwale suka janyo shi. Bayan wata biyu wani jirgin soja, Racehorse, ya fashe a kudancin tsibirin. Mutanen Castletown suka yi ta kai da komowa suna kwaso waɗanda ke ciki, har a zuwa na ƙarshe taguwa ta kifar da kwale-kwalensu, mutum uku daga cikin masu ceton suka mutu tare da shida daga cikin waɗanda suka je ceto. Waɗannan ukun masunta ne matalauta, sun bar mata da 'ya'ya, kuma babu wata doka ko al'ada da ta ɗora wa wani ciyar da marayunsu. Wannan ne ya tsaya wa Hillary a rai, domin ya lura cewa mutumin da ya san iyalinsa za su shiga bara idan bai dawo ba, ba adalci ba ne a tsaya a gaɓa ana zuga shi ya shiga ruwa.

A watan Fabrairu na 1823 ya buga wata ƙasida yana kira ga al'ummar Birtaniya, ya shimfiɗa sharuɗɗan ƙungiyar da yake nufi: a ajiye jirage a kowane wuri mai hatsari, a sami mutanen da aka horar waɗanda za su fita dare ko rana bisa son ransu, a saka wa wanda ya yi jarunta da lambar girma ko kuɗi, a ɗauki nauyin iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. Sai kuma sharaɗi guda wanda a ganina shi ne ruhin al'amarin duka, wato cewa mutanen kowace ƙasa da jiragen kowace ƙasa daidai suke a wurin ƙungiyar, ko ana zaman lafiya da su ko ana yaƙi. Mai karatu ya tuna cewa shekara takwas kacal ke nan da gama yaƙi da Faransa, kuma wanda ya rubuta wannan sharaɗi shi ne mutumin da ya talauce wajen shirin yaƙar Faransawa. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da hukunta cewa tsamo wanda ruwa ke ci farilla ce ta kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, har sun wajabta wa mai salla ya yanke sallarsa dominta; abin da Hillary ya nema shi ne a sami waɗannan wasun a shirye, da jirginsu da guzurinsu, tun kafin buƙata ta taso.

Hukumar mayaƙan ruwa, wadda ya fara aika wa ƙasidar, ta yaba da niyyarsa ta kuma naɗe hannu. Da ya ga haka sai ya juya ga attajirai da masu faɗa a ji na Landan, ya sami Thomas Wilson, wakilin birnin a majalisa, da George Hibbert, shugaban fataken da ke ciniki da tsibiran Karibiyan. Ranar 4 ga Maris 1824 aka yi taro a wani babban masauki a unguwar Bishopsgate, babban limamin Kirista na Kantabari ya shugabanci zaman, aka kafa ƙungiyar da sunan ƙungiyar ƙasa ta tsare rayuka daga hatsarin jirgin ruwa, Sarki Joji na Huɗu ya zama ubanta, firayim minista Lord Liverpool ya zama shugabanta. Bai kamata a ɓoye ba cewa shi Hibbert mai bayi ne a gonakin rake na Jamaika, kuma yana cikin waɗanda suka fi tsananta wajen kare cinikin bayi a majalisa, alhali a cikin ɗakin nan guda William Wilberforce na zaune, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙar wannan ciniki. Yadda mutum zai tausaya wa matuƙin da ke nutsewa a bakin Tyne, ya kasa tausaya wa baƙar fatar da aka ɗaure a cikin jirgi, wannan yana daga cikin abubuwan mamaki na zuciyar ɗan Adam, kuma ƙungiyar da kanta ta yarda a yau cewa akwai kuɗin bauta a cikin harsashinta.

Shekarar farko an tara kusan fam 10,000, wanda a wancan zamani dukiya ce mai yawa. Shi kuwa Hillary bai zauna a Landan yana karɓar gaisuwa ba, ya koma Douglas ya ci gaba da shiga jirgi da kansa, duk da cewa bai iya iyo ba. A daren 20 ga Nuwamba 1830, yana da shekara 59, jirgin wasiƙu mai suna St George ya tsinke daga inda aka ɗaure shi ya hau dutsen Conister. Hillary ya fita da mutanensa, taguwa ta kakkarya musu filafilai, ta share shi ta jefa ruwa, aka janyo shi da ƙasusuwan haƙarƙari shida a karye, amma ba su komo gaɓa ba sai da mutum 22 ɗin da ke cikin jirgin duka. Bayan shekara biyu ya sa aka gina wata 'yar hasumiya a kan dutsen, aka riƙa ajiye gurasa da ruwan sha a ciki, domin wanda jirginsa ya fashe ya sami inda zai fake har gari ya waye. Ya rasu a 1847, bayan ya sa hannu wajen ceton mutum sama da 300, kuma ya rasu matalauci, domin bankin da ya zuba ragowar dukiyarsa ya karye.

Ita ma ƙungiyar ta kusa binsa. Zumuɗin manya ya huce, waɗanda suka ba da kuɗi a farko sun mutu ko sun manta, kuma ba a yi wani kira ga jama'a ba shekara da shekaru. Ko labarin Grace Darling, 'yar mai tsaron hasumiyar fitila a tsibiran Farne, wadda a 1838 ta ja kwale-kwale tare da mahaifinta suka tsamo mutum tara daga jirgin Forfarshire, har sunanta ya cika ƙasar, ƙungiyar ta ba ta lambar azurfa, bai sa kuɗi sun shigo ba. Wajen 1849 abin da ake samu a shekara ya faɗo zuwa fam 354, jiragen da suka rage kuwa yawancinsu ba su da amfani.

Musiba ce ta farkar da su, kuma wanda ya bi tarihin nan zai ga kusan kowane gyara da aka yi sai da aka biya diyyarsa da rayuka. A watan Disamba na 1849 jirgin ceto na South Shields ya kife, mutum 20 daga cikin 24 suka mutu, dukansu gwanayen ruwa ne masu yi wa manyan jirage jagora zuwa cikin kogi. Sai wani basarake, Duke na Northumberland, wanda tsohon hafsan mayaƙan ruwa ne, ya sa kyautar kuɗi har gini 100 ga wanda zai fito da jirgin da idan ya kife zai miƙe da kansa. Aka aiko da samfuri 280, James Beeching na Great Yarmouth ya ci. Asirin abin shi ne a sa ƙarfe mai nauyi a ƙasan jirgin, a kuma yi manyan akwatunan iska masu tudu a goshinsa da bayansa, ta yadda ba zai iya zama a kife ba, nauyin ƙasa ya rinjaya ya juyo da shi, ruwan da ya shiga kuma ya zube ta wasu ƙofofi masu buɗewa waje kaɗai. Basaraken ya zama shugaban ƙungiyar a 1851, aka kuma sami wani saurayi lauya, Richard Lewis, wanda ya riƙe sakatarenta daga 1850 har rasuwarsa a 1883, kuma shi ne ya mai da ita hukuma mai littafin lissafi da masu duba jirage da mujalla. A 1854 aka sauya mata suna zuwa Royal National Lifeboat Institution, wadda kowa ke taƙaitawa RNLI, bayan sun yi rabon aiki da wata ƙungiyar agajin masunta: su su tsamo mutum daga ruwa, waccan ta tufatar da shi ta mai da shi gida.

A wannan shekara ce kuma mai duba jiragen ƙungiyar, Kyaftin John Ross Ward, ya ƙago rigar ceto, wadda aka yi da guntayen ɓawon itacen nan mara nauyi da ake toshe bakin kwalba da shi, aka ɗinke su jikin zane mai kauri. Masunta suka ƙi ta, suna cewa tana hana su jan filafili, kuma a ransu suna ganin namiji ba ya ɗaura irin wannan. Ranar 9 ga Fabrairu 1861 jirgin ceto na Whitby ya yi ta fita tun safe cikin wata guguwa mai tsanani, har a fita ta ƙarshe ya kife a gaban idon mutanen gari, mutum 12 daga cikin 13 suka mutu. Wanda ya tsira, Henry Freeman, ranar ce fitarsa ta farko, kuma shi kaɗai ne ke sanye da sabuwar rigar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigin Kwara ko Binuwai ya ga yadda fasinja ke ture rigar ruwa idan an miƙa musu, ya san irin wannan gardama, ya kuma san abin da ke kashe ta.

Yanzu sai mu zo ga al'amarin da ya bambanta wannan ƙungiya da takwarorinta na ƙasashe da yawa. Daga 1854 gwamnati ta fara ba ta tallafin fam 2,000 a shekara ta hannun hukumar ciniki, kuma a halin da take ciki ba ta da ikon ƙi. Amma kuɗin sun zo da sharuɗɗa, ma'aikatan gwamnati suka fara sa baki a kan yadda za a biya mutane da yadda za a tafiyar da tashoshi, mutanen garuruwa kuma da suka ji hukuma ta shigo sai hannunsu ya yi sanyi wajen bayarwa, domin ba wanda ke yi wa baitulmali sadaka. Shugabannin ƙungiyar suka auna, suka ga abin da suke asara ya fi abin da suke karɓa, a 1869 suka ce a bar kuɗin. Tun daga ranar ba ta sake dogara da baitulmali ba, kuma ina ganin da ba ta yi wannan ƙarfin hali ba, da tuni ta zama wani ɗan sashe a wata ma'aikata, ana rage mata kasafi duk shekarar da aka shiga matsi.

Sai dai 'yanci yana da tsada, kuma har zuwa ƙarshen ƙarnin yawancin kuɗin daga hannun 'yan tsirarun attajirai suke fitowa. A daren 9 ga Disamba 1886 wani jirgin Jamusawa mai suna Mexico, wanda ya taso daga Liverpool, ya maƙale a rairayin bakin kogin Ribble. Jiragen ceto uku suka fita daga garuruwa uku, babu wanda ya san ɗan'uwansa ya fita. Na Lytham ya isa, ya kwaso mutum 12 ɗin da ke ciki, ya komo lafiya. Na Southport ya kife, 14 daga cikin 16 suka mutu. Na St Annes kuwa ba wanda ya san abin da ya same shi, sai da safe aka tarar da shi a kife, mutum 13 ɗinsa babu ko ɗaya da rai. Rayuka 27 ke nan a dare guda, suka bar gwauraye 16 da marayu 50, kuma har yau ƙungiyar ba ta ga asara irin wannan ba. Wani mai masaƙar auduga da ke zaune a St Annes, Charles Macara, ya tsaya wajen tara wa marayun kuɗi, daga nan ya duba littattafan ƙungiyar ya ga talaka ba ya cikin masu bayarwa, ba don rowa ba, don ba a taɓa tambayarsa ba. A watan Oktoba na 1891 ya sa dawaki suka ja jiragen ceto a titunan Manchester, birnin da ba ya bakin teku, ana kiɗa, masu karɓa suna miƙa jakunkuna a kan dogayen sanduna zuwa ga waɗanda ke leƙowa ta tagogin benaye. Aka tashi da sama da fam 5,000, mafi yawansu kwabbai da sulalla, kuma ana lissafa wannan a matsayin karo na farko da aka bi titi ana tara wa wata ƙungiyar agaji kuɗi a ƙasar. Matarsa Marion ta shirya mata suka riƙa bi gida gida, kuma daga nan ne kwamitocin mata suka samo asali, waɗanda suka daɗe suna riƙe da wuyan asusun.

Irin wahalar da mutanen wancan zamani suka sha da filafili da doki tana da wuyar gaskatawa. A watan Janairu na 1899 aka aiko wa ƙauyen Lynmouth cewa wani jirgi, Forrest Hall, na cikin hatsari, amma haukan teku ya hana a sa jirgin ceto a ruwa daga nan. Sai sarkin jirgin ya ce a ja shi ta tudu zuwa Porlock, inda akwai lungu mai kariya. Mutum wajen 100 da dawaki kusan 20 suka kwana suna jan jirgin da amalankensa mil 13 a kan duwatsun Exmoor, cikin duhu da ruwan sama, suna rushe katanga inda hanya ta yi ƙunci, da asuba suka sa shi a ruwa, waɗanda suka ja shi ɗin ne kuma suka hau suka ja filafili. A ƙauyuka da yawa na arewa maso gabas mata ne ke shiga ruwan sanyi har ƙirji suna tura jirgin, domin mazan su fita da busassun tufafi. A 1907 kuma, da babban jirgin fasinja Suevic ya hau duwatsu a Lizard cikin hazo, jiragen ceto na ƙauyuka huɗu suka yi awa 16 suna jigila, suka fitar da mutum 456, har da jarirai masu yawa, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Inji ya shigo sannu a hankali: jirgin tururi a 1890, mai injin fetur a 1905, tarakta ta karɓi aikin dawaki bayan yaƙin duniya na farko. Sharaɗin nan na Hillary kuwa ya sha jarrabawa. A yaƙin duniya na biyu, samari sun tafi fagen fama, tsofaffi suka riƙe jiragen, suna fita ba fitila a tekun da aka shuka wa nakiyoyi, suka ceto mutum 6,376, cikinsu har da matuƙan jiragen saman Jamus waɗanda suka zo jefa wa garuruwansu bama-bamai. Jirage 19 na ƙungiyar sun je Dunkirk a 1940 kwaso sojoji. A wannan zamani ne Henry Blogg na Cromer ya shahara, mai kamun ƙaguwa ne mara yawan magana, wanda ya yi shekara 53 a jirgin ceto, ya sa hannu wajen tsamo mutum 873. Haka kuma da kudancin Ailan ya rabu da mulkin Ingila a 1922, aka sauke tuta aka sauya hukumomi, wannan ƙungiya ta ci gaba da aikinta a gaɓar tsibirin duka, har yau kuma haka abin yake.

Bayan yaƙi sai masu hatsarin suka sauya: jiragen fatake suka sami na'urori, masu shiga teku domin nishaɗi suka yawaita kusa da gaɓa. Saboda su aka kawo ƙananan jiragen roba da ake hura wa iska a 1963, sa'an nan ɗaliban wata kwaleji a Wales, Atlantic College, tare da shugabansu Desmond Hoare, suka ƙago jirgi mai ƙasan katako da gefen roba, aka sayar wa ƙungiyar haƙƙin mallakarsa a kan fam ɗaya tak. Daga wannan kwaleji ne mace ta farko da aka yarda ta shiga cikin ma'aikatan jirgi ta fito a 1969, wata ɗaliba 'yar Norwe. Kifewar jirgin Longhope a 1969, inda mutum takwas suka mutu, da na Fraserburgh a 1970, inda biyar suka mutu, su suka sa aka yanke cewa kowane babban jirgi dole ya zama mai miƙewa da kansa.

Asara ta ƙarshe da ta cinye jirgi da mutanensa duka ita ce ta Penlee, ranar 19 ga Disamba 1981. Wani sabon jirgin kaya, Union Star, ɗauke da takin zamani, injinsa ya mutu, guguwa tana tura shi zuwa duwatsun Cornwall, jirgin sama mai saukar ungulu ya kasa ɗauko kowa saboda ƙarfin iska. Sarkin jirgin ceto na Penlee, kusa da ƙauyen Mousehole, Trevelyan Richards, ya zaɓi mutum bakwai daga cikin waɗanda suka taru, ya mai da wani saurayi gida domin mahaifinsa ya riga ya shiga, shi kuwa ba zai ɗauki mutum biyu daga gida ɗaya a irin wannan dare ba. Sun yi ta kusantar jirgin, taguwa na ɗaga su tana maka su a kansa, har suka sanar ta rediyo cewa sun ɗauko mutum huɗu, suka koma domin sauran, daga nan ba a sake jin muryarsu ba. Mutum 16 suka mutu, takwas na jirgin kaya, takwas na jirgin ceto. Kafin a gama zaman makoki mutanen ƙauyen sun ba da sunayen da suka isa a haɗa sabuwar ƙungiyar ma'aikata, saurayin nan da aka mayar kuwa daga baya shi ya zama sarkin jirgin.

A yau hedkwatar ƙungiyar tana Poole, inda take da kwalejin horarwa tun 2004, take kuma gina manyan jiragenta da kanta. Ta fara sa masu tsaro a wuraren wanka na bakin teku a 2001, ta buɗe tashoshi a kan kogin Thames a 2002, bayan hatsarin jirgin shaƙatawa Marchioness wanda ya ci mutum 51 a 1989. Hukumar tsaron gaɓa ta gwamnati ce ke karɓar kiran neman agaji, ita ke sanar da tasha, sai 'yar na'urar da ke aljihun kowane ɗan sa-kai ta yi ƙara, malamin makaranta ya bar allo, makanike ya bar mota, su sheƙa. Masu sana'ar teku a cikinsu yanzu ba su fi ɗaya cikin goma ba. A 2022 kuɗin tafiyar da aikin ya kusa fam miliyan 190 a shekara, kuma babban ginshiƙinsa wasiyya ce, har ƙungiyar na cewa fita shida cikin goma da dukiyar mamata ake yin su. A 2015 wani attajiri ya bar mata tsofaffin motocin Ferrari biyu, aka sayar da su fam miliyan takwas da rabi.

Jarrabawar wannan zamani ta zo ne daga mashigin da ke tsakanin Faransa da Ingila, inda baƙin haure daga Sudan da Eritiriya da Afganistan da Iran da wasu ƙasashe ke cunkusuwa cikin jiragen roba suna neman ƙetarawa. A 2021 ɗan siyasar nan Nigel Farage ya zargi ƙungiyar da zama motar haya ga masu safarar mutane, aka sami waɗanda suka tsaya a gaɓa suna zagin 'yan sa-kai sa'ad da suke sauke mata da yara. Ƙungiyar ta amsa cewa hukuncin wanda ya cancanci zama a ƙasa na hukuma ne, ita aikinta ta fitar da mutum daga ruwa ba tare da ta tambayi takardarsa ba, wanda shi ne sharaɗin 1823 ba ƙari ba ragi. A rana guda bayan wannan amsa jama'a suka aika mata fam 200,000. Da ma'aikatar gwamnati ce, da minista ya isa ya ce mata ta dakata.

Ranar 4 ga Maris 2024, da ta cika shekara 200, lissafinta ya nuna ta ceto rayuka 146,277, tana da tashoshi 238 a gaɓar Birtaniya da Ailan, kuma mutanenta sama da 600 ne suka mutu a bakin aiki.